Jagaban Dare: Tunawa da Johnny Smythe, Ɗan Saliyo a Samaniyar Jamus

A ƙasar Hausa, idan aka ambaci Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, hankalin jama'a Bama yake tafiya. Can aka kai samarinmu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, suka ratsa dazuzzukan Kaladan da Arakan da kaya a ka, ana ba da yawa daga cikinsu umarni da Hausa ko da kuwa ba Hausawa ba ne. Kusan kowace tsohuwar unguwa ta yi nata ɗan Bama. Tamu ma ta yi, wani dattijo mai gadin makaranta da muke kira Saje, wanda har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa barin yaro ya wuce ta gabansa yana jan ƙafa ba. Saboda haka sojan da muka sani a wannan yaƙi sojan ƙasa ne. Amma akwai wasu 'yan ƙalilan daga wannan yanki namu da suka yi nasu yaƙin a sama, cikin dare, a cikin jiragen da ke yi wa biranen Jamus ruwan bama-bamai. Ɗaya daga cikinsu shi ne John Henry Smythe, mutumin Saliyo, wanda aka fi sani da Johnny Smythe. Shekaru ke nan ina sako labarinsa a darasin da nake koyarwa na tarihin mulkin mallaka, kuma babu shekarar da labarin bai jawo gardama a aji ba. Wannan gardama ce ta sa na ga ya dace in kawo shi gaban mai karatu.

An haife shi a birnin Freetown a shekarar 1915, cikin al'ummar Kiriyo, wato jikokin 'yantattun bayi da aka tsugunar a bakin tekun Saliyo. Wannan birni ba baƙo ba ne ga tarihinmu. Cikin bayin da jiragen ruwan Ingila suka ƙwato a teku a ƙarni na 19 suka sauke a can akwai Hausawa da Barebari, kuma daga bakin irinsu ne wani Bajamushe mai suna Koelle ya tattara kalmomin harsunan Afirka da ya wallafa a 1854. Smythe ya yi karatu a makarantar sakandaren mishan ta Freetown wadda aka kafa tun 1845. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 sai ya shiga rundunar tsaron gida ta Saliyo, daga nan kuma ya nemi shiga rundunar sojan saman Birtaniya, wato RAF.

Dalilin da ya sa ya nemi shiga ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Labarin da ya zo daga gare shi shi ne ya karanta littafin Hitila mai suna Mein Kampf. A cikin littafin akwai wurin da Hitila ya yi wa jaridun zamaninsa ba'a saboda suna ba da labarin baƙar fata ya zama lauya ko malami, ya ɗauki koyar da baƙin mutum irin wannan ilimi a matsayin laifi ga hankali, har ya kwatanta shi da biri. Saurayin da ya karanta wannan a Freetown ya san inda makomarsa take idan mai littafin ya ci duniya. Sai dai kuma daular da ya tashi zai kare ita ma tana da nata tabon. Har zuwa Oktoban 1939 dokar sojan Birtaniya ba ta yarda a ba wanda ba tsantsar jinin Bature ba muƙamin hafsa, kuma da aka ɗage dokar, an ɗage ta ne na tsawon yaƙi kawai. Da jiragen suka fara faɗuwa da yawa, mutane suka yi ƙaranci, sai aka waiwayi ƙasashen da ake mulka. Smythe ba jahili ba ne, ya san duk wannan. Ya dai auna ya ga tsakanin mai raina ka da mai musun cewa kai mutum ne akwai tazara, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi.

Saboda ƙwarewarsa a lissafi sai aka horar da shi a matsayin jagoran hanya, aka ba shi hafsa a 1943, aka tura shi rukuni na 623 da ke sansanin Downham Market a gabashin Ingila. A wannan shekarar ce dai marigayi Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya ziyarci Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Nakan tuna wa ɗalibai wannan domin su gane cewa zamanin da muke magana a kai bai yi mana nisa kamar yadda suke zato ba.

Idan zan yi wa ɗalibai bayanin aikin jagoran hanya, ayarin fatake nake kawo musu misali. A ayarin Gwanja akwai madugu uban tafiya, akwai kuma jagaba, wanda ya san hanya, ya san zango, ya san inda ruwa yake da inda 'yan fashi ke kwanto. Matuƙin jirgi shi ne madugu. Smythe jagaba ne, sai dai nasa ayarin a cikin duhu yake tafiya, a kan ƙasar da aka kashe wa duk wata fitila. Mutanen Kano da Maiduguri ma sun ga irin wannan tsari da idanunsu a lokacin, domin daga 1940 ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartum har Masar, kuma yawanci jirgi ɗaya mai ɗauke da jagoran hanya ne ke gaba, ƙananan jirage na biye da shi kamar jakuna a bayan jagaba.

A cikin jirgin ruwan bam mutum bakwai ne: matuƙi, injiniya, jagoran hanya, mai saita bam, mai kula da rediyo, da maharba biyu. Shi jagora yana zaune ne a wani ɗan lungu da aka kewaye da labule domin kada hasken 'yar fitilarsa ya tona asirin jirgin. Gabansa tebur ne da taswira da fensir da agogo. Ya san gudun jirgi, ya san inda aka fuskanta, amma iska tana tura jirgin gefe ba tare da an ji ba, kuma ƙarfin iskar da aka faɗa musu kafin tashi sau da yawa yakan saɓa da wanda suka tarar. Don haka duk bayan 'yan mintoci sai ya sake lissafi, ya gyara, ya faɗa wa matuƙi ya karkata kaza. Idan sama ta yi garau yakan auna taurari da na'urar hannu. Akwai kuma wata na'ura mai suna Gee da ke karɓar saƙon rediyo daga tashoshin Ingila ta nuna masa inda yake, amma ba ta cin dogon zango, kuma Jamusawa sun koyi dagula ta. Haka zai yi ta yi awa shida ko bakwai, cikin rugugin injuna huɗu da sanyin da ke daskarar da yatsu. Kuskuren 'yan mintoci ya isa ya raba jirgi da ayari, wanda kuwa ya ware shi kaɗai abincin jiragen farautar dare ne. Rayukan mutum shida suna rataye a bakin fensirinsa. Wannan kaɗai ya isa abin dubawa: a zamanin da ba a barin baƙar fata ya shiga kulob ɗin Turawa a garinsu na haihuwa, ga Turawa shida sun miƙa masa wuyansu a sama.

Jirgin da aka ba su, Stirling, shi ne mafi rashin sa'a a cikin manyan jiragen Birtaniya uku. Fikafikansa gajeru ne, ba su kai ƙafa 100 ba, saboda haka idan ya ɗauki kaya ba ya iya hawa sama kamar Lancaster da Halifax. Ƙasa da su yake bi, kusa da bakin bindigogin kakkaɓo jirage da fitilun da ke laluben sama, wani lokaci ma bama-baman 'yan uwansa ne ke zubowa ta kansa. Ko ba Stirling ba ma, aikin kansa caca ce da rai. Cikin mutum kimanin 125,000 da suka yi aiki a jiragen ruwan bam na Birtaniya, 55,573 ne suka mutu, kusan 10,000 kuma aka kama su fursuna. Wato idan ka jera mutum ɗari, arba'in da huɗu ba su koma gida ba. Ƙa'ida ita ce mutum ya yi fita talatin kafin a ba shi hutu, kuma a 1943 masu kammala talatin ɗin su ne marasa rinjaye. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu wanda aka tilasta wa hawa waɗannan jirage, duk masu sa kai ne, kuma galibinsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Smythe da ke da 28 dattijo ne a cikinsu.

A daren 18 ga Nuwamba, 1943, daren da aka buɗe jerin hare-haren da ake kira yaƙin Balin, an tura jiragen Lancaster sama da 400 zuwa babban birnin Jamus. An kuma tura wasu kusan 400 zuwa Mannheim da Ludwigshafen, tagwayen birane masu masana'antu a bakin kogin Rhine, domin a raba wa masu tsaro hankali. Jirgin su Smythe yana cikin ayari na biyu. Harbi daga ƙasa ya same su, ɓarɓashin ƙarfe ya ji masa rauni a ciki, suka daure suka saki kayansu, sannan jirgin farautar dare ya cim musu ya ƙarasa aikin. Ya diro da laima, da rauni, cikin duhu, a ƙasar mutanen da ya gama zuba wa wuta. Ya ɓuya a wani rumbun gona, sojoji suka kewaye wurin suka buɗe wuta, ya fito ya miƙa wuya. Jirage 23 ne ba su koma ba daga ayarin Mannheim a wannan dare. Bayan 'yan kwanaki hukuma ta janye Stirling daga kai hari cikin Jamus saboda yawan asara, a watan Disamba kuma aka rushe rukuni na 623 gaba ɗaya, wata huɗu kacal da kafa shi.

Ya shafe kimanin shekara ɗaya da rabi a sansanin fursunonin yaƙi na Stalag Luft I, kusa da garin Barth a bakin tekun Baltik, inda zuwa ƙarshen yaƙi aka tara mayaƙan sama na Amurka da Birtaniya kusan 9,000. Ya taimaka wajen shirya wa wasu hanyar tserewa, amma shi kansa bai gwada ba, kuma dalilinsa a fili yake: baƙin mutum da tsawonsa ya haura ƙafa shida ba shi da taron da zai ɓace a ciki a Jamus ta Hitila. An ruwaito cewa a cikin sansanin bai ga wariya daga abokan zamansa ba, har yakan manta da launinsa sai ya dubi madubi. Wannan magana takan tsaya mini a rai, domin ma'anarta ita ce daidaiton da daular Ingila ta hana shi a Freetown, a bayan waya mai ƙaya ya same shi, inda yunwa da sanyi suka mayar da kowa ɗaya. Masu gadi sun gudu a ƙarshen Afrilun 1945, sojojin Rasha suka iso a farkon Mayu, aka kwashe fursunonin da jiragen Amurka.

To, a nan ne gardamar aji take farawa. Wata shekara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ka gaya mana abin da ya same shi. Su kuma waɗanda ke ƙarƙashin jirgin fa?” Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda zai tuna da mayaƙin jirgin bam ya tsallake ta, ya yi rabin aiki.

Amsar tana komawa ne ga aikin jagoran hanya ɗin nan. A watan Agustan 1941 an binciki ɗaruruwan hotunan da jiragen suka ɗauka lokacin sakin bam, binciken da ake kira rahoton Butt, sai aka gano cewa cikin jirage uku da suka ce sun kai hari, ɗaya ne kawai ya kusanci wurin da aka nufa da mil biyar. Ma'ana, a cikin dare ba a iya samun masana'anta guda, abin da ake iya samu shi ne gari. Maimakon a fasa, sai aka mayar da garin kansa abin hari. Umarnin da aka fitar a Fabrairun 1942 ya ce a nufi karya ƙwarin gwiwar farar hula, musamman ma'aikatan masana'antu, kuma Arthur Harris da ya karɓi ragamar rundunar a wannan watan ya aiwatar da shi babu ɗar. A ƙarshen Yulin 1943 gobarar da aka tayar a Hamburg ta ci kusan mutum 40,000. A Fabrairun 1945 Dresden ta rasa kimanin 25,000. Ƙiyasin masana na farar hular Jamus da ruwan bam ya kashe ya kama daga 350,000 zuwa sama da rabin miliyan. Gaskiya ne Jamus ce ta fara, da Warsaw da Rotterdam da Coventry da Landan, inda luguden 1940 zuwa 1941 ya kashe farar hular Birtaniya sama da 40,000. Amma jaririn da ya ƙone a Hamburg bai san da wannan lissafi ba.

Mu kuwa 'yan Afirka muna da dalili na musamman da zai hana mu ɗaukar wannan batu da wasa. Bam na farko da aka taɓa jefawa daga jirgin sama a yaƙi a ƙasar Afirka ya faɗa, lokacin da wani hafsan Italiya, Giulio Gavotti, ya jefa gurneti kusa da Tarabulus ta Libiya ranar 1 ga Nuwamba, 1911. A 1920 jiragen RAF ɗin nan da Smythe ya shiga suka yi wa mayaƙan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ruwan wuta a ƙasar Somaliya. A 1935 da 1936 jiragen Musolini suka fesa wa Habashawa iskar guba. Kafin Turai ta ɗanɗana wannan masifa da faɗi, a kanmu aka gwada ta, kuma a lokacin 'yan kaɗan ne a can suka ga abin damuwa. Ba kuma tarihin da ya wuce kaɗai ba ne. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, mutum fiye da 100 suka rasu. Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Hukumomi sun ce kuskure ne, kuma akwai bambanci babba tsakanin kuskure da manufar da aka rubuta aka sa wa hannu kamar ta 1942. Sai dai a aji na akwai ɗaliban da suka fito daga garuruwan da ake jin ƙugin jirgi a ɗaga kai da fargaba. Ba zan iya tsayawa gabansu in ba da labarin jirgin bam kamar labarin wasan dawaki ba.

Hukuncina, wanda ban tilasta wa kowa ba, shi ne wannan. Smythe bai zaɓi Mannheim ba. A ɗakin bayani ake yaye labule a nuna musu zaren da aka ja a taswira, su tashi su tafi. Nauyin manufar yana wuyan waɗanda suka tsara ta, da Harris da majalisar yaƙin Churchill. Kuma gwamnatin da ya yaƙa ita ce wadda a daidai wannan lokacin take jigilar Yahudawa zuwa ɗakunan guba, don haka ban ga ta inda zan yi fatan da ya zauna a gida ba. Jarumtarsa ba ta da shakka a wurina. Duk da haka ba na so mu manta cewa jagoran hanya shi ne mutumin da ke kai jirgi daidai kan gari, kuma shi ne wanda labule ya kare shi daga ganin garin. Da yawa daga cikin masu wannan aiki sun faɗa daga baya cewa ba sa leƙawa waje ko da suna kan birnin da ke ci da wuta. A gabansa gari ɗigo ne da fensir ya yi a takarda. Mai sarrafa jirgi marar matuƙi a yau, da ke kallon inuwoyi a allon kwamfuta, jikan wannan kujera ne, da bambanci guda: shi Smythe ransa yana cikin jirgin, kuma ya biya da jininsa.

Ita kanta Birtaniya ta daɗe ba ta san yadda za ta yi da waɗannan mutane ba. Bayan Dresden, Churchill ya fara zame jikinsa daga manufar da shi ya amince da ita, kuma a jawabinsa na nasara na 13 ga Mayu, 1945, ya yaba wa rundunoni daban-daban ya tsallake hare-haren jiragen ruwan bam. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Ba a yi musu lambar yaƙi tasu ta kansu ba, sai a 2013 aka ba da wani ɗan maƙali da ake liƙawa a jikin wata lambar, lokacin da galibinsu sun kwanta dama. Dandalin tunawa da su da ke Green Park a Landan sai a watan Yunin 2012 Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi, shekara 67 bayan yaƙi, kuma an rubuta a jikinsa cewa yana tunawa har da mutanen kowace ƙasa da ruwan bam ya kashe. A ganina wannan rubutu shi ne mafi daraja a ginin.

Rayuwar Smythe bayan yaƙi ta isa wani rubutun daban. Ya yi aiki da Ofishin Mulkin Mallaka a Landan yana kula da walwalar sojojin sama 'yan Afirka da Karebiyan da aka sallama. A 1948 yana cikin jirgin ruwan Empire Windrush a matsayin jami'in da ke raka irin waɗannan tsofaffin sojoji gida. Da aka isa Jamaika aka tarar babu aikin yi, kuma an ruwaito cewa shawararsa tana cikin abin da ya sa aka bar masu so su koma Ingila. Jirgin ya sauke fasinjoji sama da 1,000 a tashar Tilbury a watan Yuni, kimanin 800 daga cikinsu mutanen Karebiyan, kuma sunansa ya zama sunan zuriya guda ta baƙaƙen Birtaniya. Wani abin al'ajabi, jirgin na Jamus ne tun asali, Monte Rosa sunansa, a Hamburg aka ƙera shi, Ingilishi suka karɓe shi ganima a 1945.

Yana cikin kare sojojin da aka gurfanar a kotun soja ne sha'awar shari'a ta kama shi. Ya yi karatu ya zama barista a farkon shekarun 1950, ya koma Saliyo, ya kai matsayin babban lauyan gwamnati, ya kuma samu girmamawar Lauyan Sarauniya. Mai karatu zai tuna abin da Hitila ya rubuta game da baƙin mutum da lauyanci. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Ulric Cross na Trinidad, jagoran hanya da ya yi fita 80 a jirgin Mosquito, shi ma lauya ya zama, ya yi wa Gana da Kamaru da Tanzaniya aiki bayan sun samu 'yanci. Cy Grant na Guyana, wanda aka harbo jirginsa a 1943, shi ma ya zama barista, amma da ya rasa mai ba shi aiki a Landan saboda launinsa sai ya koma waƙa da wasan kwaikwayo. Jagororin hanya uku, lauyoyi uku. Nijeriya ma tana da nata, Akin Shenbanjo, mai kula da rediyo a jirgin Halifax na rukuni na 76, wanda ya samu lambar bajinta ta DFC, abokan aikinsa kuma suka raɗa wa jirginsu suna don girmama shi.

Kowace 15 ga Janairu muna bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse. Ban cika jin an ambaci sunan mutum guda an ba da labarinsa daga farko zuwa ƙarshe ba, balle a ambaci waɗanda harsashi ko bam ya samu ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Da za a ji tawa, da manhajar tarihi ta sakandare ta ɗauki mutum ɗaya daga dajin Bama, ɗaya daga samaniyar Jamus, ta ba da labarinsu dalla-dalla, ta kuma bar ɗalibai su yi irin tambayar da ɗalibata ta yi. Ita ɗalibar, a jarrabawar ƙarshen zango, kan Gavotti da Tudun Biri ta yi rubutu, ta ambaci Smythe a layi biyu kacal, kuma ta ci maki mai kyau.

Smythe ya koma Ingila da tsufansa, ya rasu a garin Thame a 1996 yana da shekara 81. Iyalinsa suna ba da wani labari na zamanin da yake babban lauya a Freetown. Wai a wata liyafar jakadu hira ta haɗa shi da jakadan Jamus, zance ya kai su ga yaƙi, Smythe ya faɗi ranar da aka harbo shi da wurin. Jakadan ya yi shiru, sannan ya ce shi matuƙin jirgin farautar dare ne a lokacin, kuma a wannan daren, a wannan yankin, ya kakkaɓo jirginsa na farko, Stirling. Jirage tara irin wannan ne suka faɗi a daren, saboda haka ko nasu ne ko na wasu, su biyun sun ɗauka nasu ne. Aka ce sun rungumi juna a gaban baƙi.